Kawu da Baƙon Amurka

Duk faɗin Afirka babu tsuntsun da ake kira hamingbad, sai fa in wani ya ɗauko shi a keji. Ire-irensa sun haura 350, kuma kaf ɗinsu a nahiyar Amurka suke, daga Alaska can arewa har ƙarshen Ajantina a kudu. Duk littafin tsuntsaye da ka buɗe haka zai gaya maka. Wanda bai yarda ba shi ne kawuna, tsohon hedimasta mazaunin Mabera a birnin Sakkwato, wanda ritaya da babbar waya suka same shi a shekara ɗaya.

A wayar ya ga bidiyon wata tsohuwa a jihar Teksas ta rataye jar kwalba a bayan ɗakinta, wasu mitsi-mitsin tsuntsaye suna tsaye cak a iska suna tsotson ruwan sukari. Ya kalla, ya maimaita, ya aika a kira ni, da yake ni ne ɗan 'yar'uwar da ke da babur kuma ba ya iya cewa a'a.

Ba a ga laifin Kawu ba da abin ya tafi da shi, don halittar ta isa a tsaya a kalla. Wanda ya fi yawa a gabashin Amurka, mai jan maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 3 ne, bai kai ƙwayar sukari mai iyali guda ba. Yana kaɗa fiffike wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya, zuciyarsa kan buga sama da sau 1,200 a minti idan yana tashi, kuma yana iya ja da baya a sama ba tare da ya juya ba. Irin wannan aiki da cin mai yake, shi ya sa yake wuni yana bin ɗaruruwan furanni, yana haɗawa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo. In dare ya yi sanyi sai ya sauke zafin jikinsa ya sandare, don kada yunwa ta kashe shi kafin asuba.

Ƙaurarsa ce ta fi ɗaure wa Kawu kai. Idan kaka ta yi, tsuntsun kan ci har ya kusa ninka nauyinsa, sannan da yawansu su tsallake Tekun Meziko, kilomita 800 na ruwa zalla, cikin awa 20 ko kusa da haka, babu reshen da za a sauka a huta. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris su juyo. Akwai ma wani ɗan'uwansa mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke zirga-zirga tsakanin Alaska da Meziko, tafiyar wajen kilomita 6,000.

"To ka ji," in ji Kawu. "Wanda ad da wagga zuciya, mi za ya hana shi zuwa Sakkwato?"

Na buɗe masa taswira. Na nuna masa cewa daga gaɓar Brazil zuwa Dakar kusan kilomita 3,000 ne na teku, daga Dakar zuwa ƙofar gidansa kuma akwai sama da wasu 2,000. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya shekara talatin yana yi wa 'yan makara.

"Kakanninmu da ƙahwa sunka tai Makka, ɗan nan. Niyya ta."

Don in kashe maganar, na ƙara masa da cewa rabon wannan ɓangare na duniya da dangin tsuntsun ya daɗe, tunda a 2004 wani masani Bajamushe, Gerald Mayr, ya bayyana ƙasusuwan irinsa da aka tono a Jamus, masu shekara wajen miliyan 30. Kawu ya tafa hannu. Ya ce ashe ma sun san hanya.

Jar kwalbar Teksas ba ta samuwa a Sakkwato. Na zaga Tsohuwar Kasuwa, na shiga sabuwa, ina nuna wa 'yan tireda hoto suna tambayata ko abin shan shisha ne. Daga ƙarshe wani mai sayar da kayan kiwon kaji ya miƙo mini mazubin ruwan 'yan tsaki, farar roba mai jan gindi. Kawu ya juya shi, ya ce wannan ya ma fi na Baturiya, don baƙi goma za su sha a lokaci guda.

Saura wurin ratayewa. Lissafin Kawu shi ne mai zuwa daga sama dole ya hango jan abu tun daga nesa, amma tsakar gidan ta cika da ganye. Ya sa aka kira mai gatari. Aka datse zogalen Inna, matarsa, wanda ke cike da fararen furanni, aka bar dungu iya gwiwa. Aka hau itacen lemun tsami aka kakkaɓe kaucin da ya yi masa rawani. Inna tana bakin murhu tana kallo, ba ta ce uffan ba, kuma duk wanda ya san Inna ya san shirunta bashi ne.

Ƙa'idar masu ciyar da tsuntsun a Amurka a bayyane take: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa, ba zuma, ba kala, kuma in ana zafi a zubar a wanke mazubin bayan kwana ɗaya ko biyu. Na karanta wa Kawu wannan da bakina. Ya ce rowa ce irin ta Turawa, ba a tarbar baƙon nesa da tsararo. Ya juye rabin gwangwanin sukarin kunun Inna, ya zuba zoɓo don ja ya fito sosai, ya rataye a reshen dogon yaro, ya jawo kujerar roba ya zauna da carbi.

Watan Afrilu ne. Wanda bai san Sakkwato a Afrilu ba, ya sani cewa awon zafi kan wuce 40 kusan kullum, ruwan randa ma sai an lallaɓa shi.

Kiyashi ne suka fara amsa gayyata, suka yi layi daga gindin itace har igiya. Kawu ya shafa wa igiyar baƙin mai, man ya narke da rana ya ɗiga a kan farar rigarsa ta Juma'a da ke shanye a ƙasa. Kaji suka gane mazubinsu ne, suka taru a ƙarƙashi suna miƙa wuya suna ƙorafi. Sai kuma sukari da zoɓo da rana suka yi abin da suka saba yi in an bar su tare: ruwan ya yi kumfa, ya fara tsami, wani wari ya tsallake katanga. Da la'asar ladanin masallacin unguwa ya yi sallama a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, sannan ya sassauta murya.

"Malam, ba zargi ba na. Amma jama'a na tambaya, mi a ka dahwawa gidan nan?"

Kawu, wanda ko goro ba ya ci, ya ɗauki rabin awa yana yi wa ladan bayanin Tekun Meziko. Ladan ya tafi yana gyaɗa kai, da alamar bayanin ya ƙara masa damuwa.

Aka zubar, aka sake sabon haɗi, wannan karon da ƙarin sukari don a rufe warin. Da rani, lokacin da furanni suka yi ƙaranci kuma kududdufai suka ƙafe, ƙudan zuma ba ya wasa da labarin ruwa mai zaƙi, kuma wanda ya gano yakan koma amya ya sanar da sauran. Kafin azahar jan gindin mazubin ya koma baƙi ƙirin, dogon yaro yana ta gunji. Kawu ya leƙo ta taga ya ba da umarni a sauke abin, ya kuma fayyace wa zai sauke. Na lulluɓa da zanen gado, na hau turmi. Zanen ya rufe ko'ina ban da leɓena na sama. Washegari a wurin ɗaurin auren abokina, mutum uku suka tambaye ni ko faɗuwa na yi da babur, ɗaya kuma ya ba ni shawarar in riƙa haƙuri da iyali.

Ana cikin haka Kawu ya buga mini waya bayan magariba, murya na rawa. Baƙo ya iso. Yana tsaye a iska gaban furen gwanda, fiffike ba ya ganuwa don sauri, ga dogon baki. Na zo na haska tocila. Baƙon yana da ƙafa shida da gashin-baki biyu a ka. Wani irin malam-buɗe-littafin dare ne mai kaurin jiki, wanda shi ma yake shawagi wuri ɗaya yana zura dogon hanci cikin fure, kuma ko a Turai mutane kan rantse sun ga hamingbad in sun gan shi. Kawu ya ce in kashe tocilar, batir na ƙarewa.

A daren ne Inna ta karɓi bashinta. Ta ce a ba ta wayar ta ga abin da ya cinye mata sukari. Ta kalli bidiyon sau ɗaya ta miƙo.

"Wanga ai ɗan'uwan sha-kauci na. Kullum da hantsi suna nan bisa zogalen da kas sa anka sare. Har da mai dogon wutsiya."

"Don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Ni kat tambaya, Malam, ko waya?"

A ilmance ba 'yan'uwa ba ne, don hamingbad ya fi kusa da tsattsewar nan mai wuni a sama ba ta sauka, amma Inna ta fi mu kusa da gaskiya. Sha-kauci shi ke riƙe da wannan sana'a a Afirka da kudancin Asiya, ire-irensa sun kusa 150. Ƙarami ne, bakinsa siriri mai lanƙwasa, harshensa bututu, abincinsa ruwan fure da ƙananan ƙwari. Bambancin shi ne ya fi son ya dafe reshe ya sha a zaune, ba ya ɓarnar ƙarfi a iska sai ta kama. Namijin wanda Inna ke nufi kore ne mai sheƙi, da ja a ƙirji da rawaya a gefe, da gashin wutsiya biyu dogaye, macen kuwa ba ta da ado. Tsakaninsa da kauci akwai tsohuwar hulɗa: furen kauci yakan zauna a rufe har sai tsuntsun ya zura baki, sai ya fashe ya bulbule masa kai da garin da zai kai wa fure na gaba. Yana ƙaura shi ma, sai dai gajera, yana bin damina da furanni arewa da kudu a cikin yankinmu.

In kuma doguwar tafiya ce ke burge mutum, Sakkwato ba ta rasa matafiya ba. Shamuwa kan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Da kaka kuma ƙananan tsuntsayen Turai kan ƙetare Sahara su sauka a fadamun Gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, da dausayin Haɗeja da Nguru, su yi hunturu tare da mu. Kawu ya shekara yana wuce su a hanyar jami'a yana kiransu tsuntsayen shinkafa.

Zogale dai ba ya riƙe fushi. Dungun ya tofo da ruwan wanke-wanke, kafin damina ta yi nisa ya wuce tsayin mutum. Mazubin ya koma wurin kaji. Kawu ya mayar da kujerarsa gindin zogale, kuma yanzu duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya sha lacca a kan sha-kauci, wanda a cewarsa ya daɗe yana nazarinsa. Inna ta sa wa gwangwanin sukari kwaɗo.

Mai son ganin irin waɗannan tsuntsaye a gidansa a Sakkwato, ya bar zogale ya yi fure kafin a tsinke shi, ya ƙyale tumfafiyar bayan katanga, ya rage fesa maganin ƙwari a tsakar gida, ya ajiye kasko mara zurfi da ruwa mai tsabta a inuwa inda kyanwa ba ta kaiwa, yana canzawa kullum. Kauci yana cutar da itacen 'ya'ya, don haka a cire shi daga lemo da mangwaro, a bar na kan bagaruwa. In kuwa wani dattijo ya ce ka hau turmi ka sauke masa ruwan sukari a watan Afrilu, ka ce masa babur ɗinka ya lalace.