Tekun da Ba Ya Jiƙa Kowa

Daga Rano, mai son ganin teku sai ya dangana da Legas. Amma yanzu ga yaro zaune a Kibiya, kwamfuta a cinya, teku na tumbatsa a gabansa. Manhajar Gazebo ce, inda ake gwada mutum-mutumi kafin a tsoma shi a ruwan gaske. Igiyar ruwan kuwa lissafin wani Gerstner ce tun 1802. Bawan Allah ya rasu bai san wa ya yi wa wahala ba.

To, igiyar da ido ke gani daban, wadda ke ɗaga jirgin ruwan da ke cikin manhajar daban. Lissafi biyu ne. In suka saɓa, sai teku ya yi ta tsalle, jirgi ko gezau. Ko ruwa ya kwanta luf, jirgi na ta rawa shi kaɗai kamar an kaɗa masa kalangu.

Masuntan dam ɗin Tiga igiyarsu ɗaya ce tun 1974, kuma tana jiƙa wando. Shi ko yaron Kibiya, ana ɗauke wuta batir ya mutu, teku ya ƙafe ƙaf, har da jirgin.