Jama'ar da Gyaran Gida Ke Tara Maka

Duk wanda ka ji ya ce zai yi wa gidansa "ɗan gyara", to bai taɓa yi ba ne. Da niyyar toshe yoyon ɗaki guda ake farawa, kafin damina ta kankama. Kafin ka farga an kware kwanon gidan gaba ɗaya, iyali sun yi ƙaura zuwa gidan surukai, kai kuma kana kwana a falo tsakanin buhunan siminti. Kuɗi kam za su tafi, wannan ba labari ba ne. Abin kallon shi ne mutanen da aikin zai tara maka a tsakar gida, waɗanda ko a Kano kake, ko Zariya, ko Maraɗi, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

Wanda ke fara isowa shi ne Mai Kushe. Birkila ne ko kafinta ko falamba, duk ɗaya. Ba ya gaggawar magana. Zai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kanga kunne, ya ja da baya, ya girgiza kai, ya yi salati. Sannan ya juyo da fuskar ta'aziyya: "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Kana faɗin suna sai ya ce, "Kai dai ka bar shi da Allah." Daga wannan lokaci gidan da ka shekara ashirin a ciki lafiya ya zama tarkon mutuwa, kuma shi kaɗai zai iya ceton ka. In ka tsananta bincike, ba mamaki ka tarar maigidansa ne ya yi ginin, shi kuma a lokacin shi ke kwaɓa simintin.

Bayansa sai Malam Gobe, wanda galibi kafinta ne. Mutum ne mai fara'a da ladabi, ba ya taɓa ce maka a'a. "Gobe da sassafe, ranka ya daɗe, kafin ka dawo daga masallaci ina nan." Goben na zuwa waya a kashe. Jibi an yi rasuwa a garinsu. Gata babu wuta a wajen yankan katako. Wani satin kuma mashin ya lalace a hanyar Wudil. Kakarsa ta wajen uwa baiwar Allah ce mai yawan rasuwa, duk aikin da ya karɓa sai ta sake cikawa. Kada ka ɗauka lalaci ne, domin Malam Gobe bai zauna ba ko kaɗan. Aiki huɗu ya karɓa a lokaci guda, kuma kafin alƙalamin da ka ba shi tuni ya tafi sayen ƙusa da katakon rufin wani gida a Hotoro. Naka rufin yana jiran kuɗin wani bawan Allah da bai ma yanke shawarar yin gyara ba tukuna. Adashi ne aka sa ka ba tare da an tambaye ka ba, kuma kai ne ɗaukar ƙarshe.

Sai Injiniya. Babu wanda ya san makarantar da ya yi, amma yana da hular kwano ruwan ɗorawa, da tef ɗin awo a ƙugu, da kalma guda da ke warware kowace tambaya: "Ba matsala." Kana son a ɗora bene a kan gidan da mahaifinka ya gina a matsayin gidan ƙasa? Ba matsala. A cire bangon tsakiya a haɗe ɗaki biyu su zama falo? Ba matsala. Wannan bangon fa shi ke ɗauke da rufin? Sai ya yi murmushi: "Yallaɓai, irin wannan nawa muka yi." Inda aiki ke neman rodi mai milimita 16 zai sa mai 12, inda ake neman 12 ya sa 10, ya ce ai duk ƙarfe ne. A Najeriya akwai hukumar COREN da ke yi wa injiniyoyi rajista, kowane na gaskiya yana da lambarsa. Tambayi namu lambar, sai ya karanto maka ta waya. Abin takaicin, injiniyan gaske idan ya zo cewa zai yi a tona gefen harsashi a ga zurfinsa kafin a ɗora komai, a kuma nemi izinin hukumar tsara birni, irin su KNUPDA a Kano. Nan take maigida zai ce wannan ɗan boko ne mai son ɓata kuɗi, a kira masa mai hular.

Mai bulo ba ya buƙatar dogon bayani. Buhun siminti kilo 50 ne a ko'ina, amma a hannunsa albarka yake yi ta ban mamaki, ya haifi bulo ninkin abin da ya kamata. Ka murza gefen ɗaya da babban yatsa ka ga yashi na zubowa. Zai ce bai gama bushewa ba ne. Abokin tafiyarsa shi ne birkila mai sauri, wanda ya zuba linta ranar Litinin yana son cire katako ranar Laraba. Kankare kuwa ban-ruwa yake so safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake cewa ya kai ƙarfinsa. Birkilan ya san haka sarai. Katakon ne ake jira a wani aikin.

Ɗan kwangila shi ne malamin lissafi. Ƙiyasinsa na farko a fallen takardar littafin makaranta yake zuwa, da jan biro, kuma yana da daɗin karantawa har ka ji kunyar neman ragi. Sai an fasa bango, an kware rufi, komawa baya ta gagara, sannan za ka gano abubuwan da takardar ta manta: kuɗin ruwa, kuɗin kwashe ɓaraguzai, kuɗin sauke kaya, abincin leburori, da wani abu wai shi "sauran ƙananan abubuwa" wanda ya fi kuɗin ƙofofi. Addu'arsa ta kullum ita ce, "Alhaji, kaya sun tashi." A yi masa adalci, ba kullum yake ƙarya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya ɗaga, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Matsalar ita ce a bakin ɗan kwangila kaya ba su taɓa sauka ba. Ko yashin da aka ɗebo daga kogin Challawa, dala ce ta taɓa shi. Ka ce bari ka je Ƙofar Ruwa da kanka ka tambayo farashin rodi, sai ransa ya ɓaci: "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan." Ka je ɗin. Amma ka sani mai shagon da ya kwatanta maka abokinsa ne, kuma an riga ka waya.

Mai tayil da falamba da mai wayarin da mai fenti kuwa a tare ya kamata a ambace su, tun da yaƙi suke yi da juna, gidanka ne fagen fama. Mai tayil zai gama banɗaki tsaf, ya goge, ya ɗauki hoto. Washegari falamba ya iso da guduma da kurfi, ya ce an manta bututu. Mai fenti ya gama falo, mai wayarin ya zo ya tsaga bango daga sama har ƙasa don soket guda. Shi mai wayarin, in ka tambaye shi wane makunni ne na wace fitila, sai ya ce a jira a kawo wuta a gani. Mai fenti yana da nasa karamcin: ka biya shi fentin bango, ya ƙara maka da na taga, da na tayil, da na akuyar da ta gifta. Saboda wannan rikici ne masu hali ke neman 'yan Kwatano da 'yan Togo su yi musu tayil da silin, abin da ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damun mu.

Sabon shiga cikin jama'ar nan shi ne mai tsara adon gida, namiji ko mace. Ba ya zuwa da guduma, da waya yake zuwa, cike da hotunan Instagram na gidajen Dubai da Turkiyya. Kallo ɗaya zai yi wa zaure ya ce ɓata fili ne, a mayar da shi wurin ajiye mota. Kicin a buɗe shi ya haɗe da falo, "haka ake yayi yanzu." Bango a fasa a sa gilashi daga sama har ƙasa, a shimfiɗa farin kafet, a kawo fararen kujeru. Bai tambayi mutum nawa ake tuƙa wa tuwo a gidan ba, ko wa zai zauna a falo lokacin da daddawa ta faɗa tukunya. Bai tambayi inda baƙo namiji zai tsaya ba idan babu zaure, ko inda za a yi shimfiɗa ranar suna da ranar zaman makoki. Farin kafet bai taɓa haɗuwa da ƙurar hunturu ba, gilashin nan kuma bai san zafin watan Afrilu ba, lokacin da ake haura digiri 40 kuma babu wutar kunna na'urar sanyaya ɗaki. Maginan da suka yi wa kakanninmu katanga mai kauri da ƙananan tagogi da rufin azara ba rashin wayewa ne ya sa su ba, rana suke yi wa dabara. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ƙasa da azara ya yi bakunan da masana gini suka sha zuwa kallo. Ban ce a koma tubali dole ba. Cewa na yi mai ado ya fara zama a gidan wuni guda, ya ga yadda ake rayuwa a ciki, kafin ya buɗe wayar.

To, kada ma'aikata su ce an yi musu taron dangi, domin ɓangaren masu gida ma cike yake. Akwai ƙanen maigida da aka naɗa mai sa ido, musamman idan maigidan yana Abuja ko Saudiyya yana turo kuɗi. Shi hoton kusurwa guda yake turawa kullum, wadda aka gama, kuma cikin ikon Allah ginin nasa a bayan gari yana tashi daidai da na yayansa. Akwai maƙwabci mai shawara, wanda bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba amma kullum yana tsaye hannu a baya: "Da ni ne, nan zan sa ƙofar." Ranar da indararonka ya kalli katangarsa za ka san shi masanin dokar ƙasa ne. Akwai Hajiya Babba, wadda ta ce a gyara ko'ina amma ban da ɗakinta, kada wanda ya taɓa mata gado da jeren kwanoninta. Ita kaɗai ce za ta fita daga wannan aiki da hankalinta. Akwai uwargida, wadda ta amince da komai har ranar da ta je barka gidan ƙawarta ta ga kicin. In gidan na mata biyu ne, to ka sayi tef ɗin awo naka na kanka, domin za a auna ɗakunan, kuma inci guda na iya kai magana gaban iyaye.

Amma shugaban su duka shi ne maigida. Shi ne wanda aka kawo wa ƙiyasi uku ya zaɓi mafi araha, yana murna ya yi wayo, alhali Hausawa sun daɗe da gaya masa araha ba ta ado. Shi ne ba ya son a rubuta komai, "ai mu 'yan'uwa ne, Musulmi ne", sai rigima ta tashi a rasa wanda ya ce me. Shi ne zai zo da yamma bayan an gama gini ya tsaya ya ce tagar nan da an matsar da ita hagu kaɗan, a rushe, sannan a ƙarshen wata ya yi mamakin inda siminti ya tafi. Ya fara kware rufi a watan Yuli, ya ce ruwan bana ya yi sauri. Yana da kuɗin fitila mai lu'ulu'u ta falo, ba shi da na maganin gara da za a shafa wa katako. Leburan da ya wuni yana ɗaukar kwanon kankare a ka kuwa, idan magariba ta yi sai a ce masa Alhaji ya fita, ya dawo gobe. Kun ga ashe Malam Gobe ba a wajen kafintoci kaɗai ya yi karatu ba.

Akwai mutum ɗaya da ya rage, kuma yana nan, na sha ganin irinsa. Dattijo ne ko matashi marar yawan magana, yana zuwa da igiyar awo da ma'aunin ruwa, ya duba aiki ya faɗi kuɗin da zai sa ka tsuke baki. Zai ce maka ba zai samu zuwa ba sai bayan sati uku, saboda yana kan aikin wani. Zai ce bangon nan ba ya ciruwa, benen nan ba ya ɗoruwa, kuma ba zai sa hannunsa ba ko nawa za ka biya. Yawancinmu a nan muke sallamar sa, mu ce yana da girman kai.

Mai karatu, in Allah ya haɗa ka da wannan, ka jira shi sati ukun. Ku rubuta komai a takarda, har da kuɗin ruwa, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Ka biya shi kashi-kashi yadda aiki ke tafiya, cikon kuma ranar da ya gama, ba washegari ba. Sannan don Allah kada ka ba kowa lambarsa sai ya rufa maka ɗakin ƙarshe.