Wasiƙa Daga Manchesta: Yadda Bature Yake Cewa "Zan Yi"

Zuwa ga Yaya da sauran mutanen gida.

Aikatau a Turanci sau biyu kawai yake sauya jiki don nuna lokaci: abin da ake ciki da abin da ya wuce. In ana maganar gobe sai an nemo wata kalma ta kama masa, kuma wadda aka fi ɗora wa wannan aiki ita ce will. Asalinta willan ce a Turancin shekara 1000 da suka wuce, ma'anarta "so", har yau kuma ba ta bar halin ba. Abin da take nunawa shi ne zuciyar mai magana ta yarda. Ko aljihunsa ya san da zancen, wannan ba ruwanta.

Aikinta na farko shawarar da aka yanke nan take, ana cikin magana. An buga ƙofa, wani ya miƙe ya ce "I'll get it". Minti ɗaya kafin nan ba shi da wannan niyya, shi ya sa Bahaushe a nan "bari in duba" zai ce, ba "zan duba" ba. Haka mai cin abinci yake cewa "I'll have the fish" bayan ya bi jerin farashi ya ga kifin ya fi araha. Wadda ta fi kowace shahara a wannan babi ita ce "I'll put the kettle on", wato bari in ɗora ruwan shayi. Mutumin Ingila yana faɗin ta in an yi baƙo, in an kori mutum daga aiki, in mota ta lalace, in aure ya mutu. Inda a gida za a ce "sannu, Allah ya kiyaye gaba", a Manchesta butar lantarki ake kunnawa.

Abin da aka riga aka shirya kuwa da going to ake faɗinsa. Wanda ya kwana da niyyar sayen bargo zai ce "I'm going to buy a blanket". Wanda sanyin Janairu ya doka a bakin shago sai ya ce "I'll buy one". Jadawalin jirgin ƙasa ma ba ya neman ko ɗaya, "the train leaves at 9" ake cewa, kamar an gama magana, ko da yake fasinjojin arewacin Ingila suna da nasu ra'ayin.

Akwai kuma shall. A 1653 John Wallis, malamin lissafi a Oksfod, ya rubuta nahawun Turanci da Latin, ya ce in gaba zalla ake nufi, shall ta mai magana ce, will ta sauran mutane. Yanzu ba a cika jin ta ba sai a tayi irin "Shall I help?" da takardun lauyoyi.

Aikin will na biyu shi ne alkawari, kuma nan ne baƙo yake shan wahala. Hausa tana da "zan zo" na mai niyya, tana da "na zo" mai jan murya na wanda bai tabbata ba, sannan ga "in sha Allah", wadda mai sauraro yake auna nauyinta da fuskar mai faɗi. Turanci duk ya zuba su cikin kalma ɗaya, ya kuma gutsure ta ta koma 'll, har kunnen sabon zuwa ba ya kama ta. In an cika ta, an danna, "I will", da gaske ake. Da ita ango yake amsawa a ɗaurin auren cocin Ingila. In an gutsure sai a duba wanda ya faɗa. "I'll call you" daga bakin wanda aka haɗu da shi a taro ban kwana ce, ba a zaman jiran waya. "I'll think about it" a'a ce mai ladabi. "I'll see what I can do" ba abin da za a yi. "I'll send someone round" daga mai gidan haya, in na'urar ɗumama ɗaki ta tsaya, tana nufin ɗan haya ya ƙara riga. Kishiyarta won't ƙi take nunawa, har ga abin da ba shi da rai: "the heater won't start" daidai take da "ta ƙi tashi".

Akwai doka ɗaya da ba a cika karya ta ba: bayan when ko if na sharaɗi ba a sa will. Ana cewa "when I get paid, I'll send it". Rabin farko yana zancen albashi kamar yana hannu, alhali haya da haraji da kuɗin wuta sun riga sun yi layi a kansa.

Misalin da ya haɗa duka shi ne wayar ranar ƙaramar Salla. Yaya ya ambaci babur, Inna tana gefe tana ji, ƙaninsa da ke Manchesta ya ce "zan aiko". A ma'aunin nahawu wannan will ce irin ta farko, ta wanda aka buga wa ƙofa ya miƙe, don bai kwana da ita ba balle ta zama going to. An samu labari cewa a gida an ɗauke ta a irin ta biyu, har an je an taya babur ja. Littattafan nahawu sun yarda da fassarar ɓangarorin biyu, saboda haka magana ta koma kan dokar when. Albashi yana fita ƙarshen wata, ba a dai ce wane wata ba.

A gaida Inna, a gaida yara.

Daga ƙanin Yaya, Manchesta.