Mutanen da Ake Tararwa a Bakin Bahar Rum da Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris, hanyar D400 da ta bi gaɓar Bahar Rum a kudancin Turkiyya, daga Antaliya zuwa Fetiye, takan sarara. Masu yawon buɗe ido sun watse, an naɗe laimomin bakin ruwa, otal-otal da yawa a Kemer sun sa kwaɗo. 'Yan tsirarun da suka rage babu cunkoson da zai rufa musu asiri, halin kowa a fili yake.

Akwai Sarkin Araha, wanda shi ya kawo shawarar tafiyar don ya ji kuɗin ɗaki ya faɗi warwas. Ya faɗi kam. Abin da ba a gaya masa ba shi ne an kwashe ruwan wurin ninkaya, kuku ya tafi ƙauyensu, na'urar ɗumama ɗaki kuma sai an yi magiya. Yana kyarma cikin bargo biyu yana ƙirga lirar da ya tsira da ita. Kada ka yi masa jaje, a wurinsa riba ya ci.

Direba kuwa wayarsa ce malaminsa. Tsakanin Finike da Demre hanya tana murɗewa kamar macijin da aka taka, dutse a dama, teku a hagu, ga ruwan sama. Duk motar ta koma salati, shi ko gardama yake da wayar kan minti bakwai da ta ƙara masa.

Wanda ya fi cin rai, kuma ya fi amfani, shi ne Malam Tarihi. Da rani zafi da turmutsutsu kan kore shi daga kango cikin rabin awa. Da hunturu babu mai korarsa. A Demre, tsohuwar Mira, zai tsayar da ku gaban kaburburan da mutanen Lisiya suka sassaƙa a jikin dutse, ya karanta kowane allo da ƙarfi, sannan ya ja ku cocin Nikolas, bishop ɗin ƙarni na 4 da Turawa suka mayar Baba Kirsimeti. Zai gaya muku a Patara aka haifi Nikolas, can gaba a wannan hanyar, kuma a 1087 matuƙan jirgin ruwa daga Bari suka kwashe ƙasusuwansa zuwa Italiya. Yana ba da labarin kamar kakansa aka sace. Ni dai ina yafe masa, don ba don shi ba da duwatsu kawai za ku kalla ku wuce. Amma a karo na uku, takalmi ya jiƙe sharkaf, yafiya takan yi wuya.

A Cirali, inda iskar gas ke fitowa daga tsagin duwatsu tana ci da wuta tun zamanin da, za ka gane Bawan Ciki. Kowa na tasbihi, shi yana nadamar bai zo da tukunyar shayi ba.

Hajiyar Hoto sai bakin ruwan Kaputash. Ta gangara doguwar matakalar wurin, ta tarar da rairayi babu kowa, ta jira rana ta leƙo, ta yar da rigar sanyi na daƙiƙa goma, ƙyas, ta sa a Instagram. 'Yan uwa na rubuta "a sha hutu lafiya", ita tana atishawa. A gefenta wani tsohon Bajamushe ɗan fansho ya fito daga ruwan da bai kai digiri 20 ba, jikinsa ja wur, yana rantsuwa da daɗinsa. Babu wanda ya tambaye shi.

Mai masauki a Kash fenti yake yi lokacin da kuka iso. Ya ajiye buroshi, ya kawo shayi a ɗan kofin gilashi, ya ce da kun zo a Yuli da kun ga gari. Ya daɗe bai sami mai saurare ba, saboda haka kafin kofi na huɗu kun san tsadar wutar lantarki da sunayen kyanwoyinsa.

Mutum guda ne bai san da wani zaman banza ba: manomin tumatir na Kumluja, inda rumfunan leda suka lulluɓe kwari. Shi hunturu ne kakarsa. Zai taso muku da babbar mota cike da akwatuna, ya danna hon, ya wuce ku a kan kwana, yana leƙenku ta taga da mamakin wane irin rashin aikin yi ne ya fito da ku kallon teku a Janairu.