Gyara kyauta, kwalliya ta tafi

Wani abokina ya sayi mota sabuwa dal, har da garanti. Bai yi wata guda ba ya kwance salansar kamfani, ya ɗaura mai ruri kamar zaki. Da injin ya fara tari, sai ya mayar wa dillali. Aka gyara kyauta, aka dawo masa da mota shiru kamar amarya: salansar kamfani ta koma gidanta, ta zaki kuwa ko ƙurarta.

"Ranka ya daɗe," in ji manaja, "abin da muka sayar maka shi muka lamunce."

A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan waje, sai in su suka jawo matsalar. Amma garanti bai san kwalliyarka ba. Shi ya sa masu wayo ke kwance kayansu kafin su kai gyara.

Abokina yana ta kumfar baki, maƙwabtansa kuwa har sadaka suka yi. Mu masu tsofaffin motocin Beljiyam hankalinmu kwance, garantinmu "Allah ya kiyaye".