Onarabul Ya Fi Kujera Yawa

Katin ɗaurin aure ne ya ɓata wa mai wannan shafi rai ranar Talata. Daga Kalgo aka aiko shi, kuma cikin manyan baƙi goma sha huɗu, goma sha ɗaya Onarabul ne. Na bakwai ɗin, mai shafin ya san shi sarai: fosta ya buga a 2019, ko fom bai saya ba.

A yi lissafi mana. Mazaɓu 225 ne a Kebbi, ƙananan hukumomi 21, kujerun majalisar jiha 24. Kalgo kuwa ɗan majalisar wakilai ɗaya take rabawa da Birnin Kebbi da Bunza, kamar yadda Gwandu ke rabawa da Jega da Aliero. To ina sauran suka samo nasu?

Kalmar daga Latin take, ta ratsa ta Faransa ta shiga Ingilishi, ma'anarta wanda ya cancanci girmamawa. A Ingila 'ya'yan wasu masu sarauta ke ɗaukarta, 'yan majalisa kuma su kira juna da ita cikin zaure don kada a kama suna. A nan shadda mai sitaci da ɗan kabu-kabu ɗaya mai kirari sun isa.

Sai batun harafin H. Bature yana rubuta shi a farkon kalmar amma ba ya furta shi. Wato ma'aikacin bogi ne: sunansa na bisa takarda, shi ne ma na farko a layi, bai taɓa zuwa aiki ba. Shekara ɗaruruwa, babu kwamitin tantancewar da ya kama shi. Masu buga kati kuma suka sallami sauran haruffan da ke aikin, suka bar shi da yaransa biyu: Hon.

Abin da ke ci wa mai shafin rai shi ne, a Gwandun nan Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ya rubuta tafsiri sukutum, kuma har yau Malam ake ce masa. Yanzu ka ce wa mutum Malam sai ya ɗaure fuska kamar ka ci bashinsa.

Jiya a tashar Gwandu wani yaro ya ƙwala kira, "Onarabul, ranka shi daɗe!" Mutum biyar suka waiwaya, har da mai tsire. Mai shafin ya ce shi ƙirga su kawai ya juya ya yi.