Numfashin Ɗan Dambe

A Yamai, saurayi kan biya kuɗi ya hau na'urar gudu, ya yi ta zufa awa guda bai gusa ko taku ɗaya ba, wai yana neman numfashi. A Dakoro kuwa horon kyauta ne. Rairayin da ke haɗiye ƙafa har idon sawu shi ne malamin. Ka ja wasaki daga rijiyar makiyaya, kafin ruwa ya iso baki ka manta sunan kakarka. Ran kasuwa bijimi ya tsinke igiya, ɗan mahauci ya bi shi a guje. Ga atisayen safe nan, har da 'yan kallo.

Dambe turmi uku ne kacal. Issaka Dabore, da ya ciyo wa Nijar tagulla a Munich a 1972, safar hannu ya sa, amma hakin duk ɗaya ne.

Wani ya ce ai layarsa ta isa. To, maigida, laya ba ta hura huhu. Ka cika ciki da fura, ka naɗe hannu, tun turmin farko za ka fara yi wa makaɗi alama da ido ya sassauta kalangu.